Guntun Ƙarfe a Haƙorin Baba

Ba wata ƙara aka ji ba. Ɗan ƙas ne kawai, wanda ko ƙuda ba zai tashi dominsa ba, amma Auta ta ji shi har tsakar kanta. Ta ɗage ƙafa daga kan matakin injin, ta zaro tsinken daga cikin haƙorin a hankali, ta kai shi ƙarƙashin fitila. Siririn tsinken ƙarfe ne mai murɗe-murɗe, irin wanda likitocin haƙori ke zurawa cikin saiwar haƙori su kankare ruɓaɓɓiyar jijiya. Da tsininsa ya shiga. Ga shi yanzu ya fito guntule, babu kai.

Kan yana can ciki, a cikin saiwar haƙorin mahaifinta.

Innalillahi. A zuci ta faɗa. Zufa ta keto mata a ƙarƙashin takunkumi, ga fanka na kaɗawa, ga na'urar sanyi na aiki, duk a banza.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a ɗaya gefen kujerar riƙe da robar zuƙe yawu, ita ma ta ga tsinken. Mace ce da ta yi furfura a wannan ɗakin, ta ga likitoci iri-iri, masu hannu da masu baki kawai. Ido ta ɗaga ta dubi Auta, sannan ta mayar da shi kan aikinta.

Baba kuwa yana kwance abinsa, hankali kwance. An shimfiɗa masa koren tantanin roba a baki, haƙori ɗaya tak ya leƙo ta cikinsa, an kuma sa masa ɗan tokari a ɗaya gefen don kar bakin ya rufe. Allura ta kashe wurin, ba ya jin komai. Ya harɗe hannuwa a kan ciki, yana kaɗa babban yatsan ƙafa kamar mai sauraron rediyo.

To, a nan fa abin yake. Da a bakin wani ne, da da sauƙi. Tsinke yakan karye. Babu likitan haƙorin da zai rantse bai taɓa karya shi ba, sai maƙaryaci ko wanda bai fara aiki ba. In guntun ya fita, madalla. In ya ƙi, haƙorin kuma ya ƙi zama lafiya, a cire shi kowa ya huta. Amma bakin Baba ba a cire haƙori a cikinsa. Shekarun baya ciwon daji ya kama shi a gindin harshe, aka yi ta yi masa gashi da na'ura har Allah ya ba shi lafiya. Ciwon ya tafi, ya bar muƙamuƙin a gashe. Likitocin da suka yi aikin sun ja kunnen kowa a gidan: jini ba ya zagaya ƙashin nan kamar da, in aka cire haƙori ramin na iya ƙin rufewa, ƙashin ya fara mutuwa daga nan, ƙarshenta sai an yanke. Auta ba labari aka ba ta ba. Tun tana makaranta ta ga wani mutum da aka yanke wa rabin muƙamuƙi, matarsa na ɗura masa madara ta cikin roba, kuma har yau ba ta manta yadda gefen fuskarsa ya loɓa ba.

Shi ya sa da turmin haƙorin Baba na ƙasa ya ruɓe har ya tara mugunya, hanya ɗaya ce ta rage: a wanke saiwoyinsa tas har ƙarshe, a cike su, a bar haƙorin a mazauninsa.

Babban likita, mai asibitin da take aiki, ya faɗa mata tun ranar da ya ga hoton. Ya ce ta kai shi babban asibiti, wajen ƙwararren nan mai babban madubin ƙara girma da ke nuna cikin saiwa tarwai. Ya ce bakin ba ya buɗuwa sosai tun bayan gashin, saiwar a lanƙwashe take, kuma mahaifinta ne, ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa ta janye hannu.

Baba ya ce allambaran. Tsohon direban babbar mota ne, irin mutanen da ko sun ɓata hanya ba sa tambaya, sai su ce hanyar ce aka canja.

"Na haifi likita a cikin gidana," in ji shi, "sannan in je in buɗe wa ɗan wani baki? Allah ya kiyaye. Ko Auta ta yi, ko haƙorin ya zauna da ciwonsa, mu ga wanda zai riga gajiya."

Ba wasa yake yi ba. Mutumin nan babu wanda bai ishe shi da zancen 'yarsa ba. Mai gadin layinsu ya haddace labarin karatunta. Duk wanda ya yi kuskuren yin hamma a gabansa, sai ya leƙa ya ce, "Kai, wancan na can ciki ya fara baƙi, ka je wajen 'yata." Ita kuma, a faɗi gaskiya, abin yana yi mata daɗi. Wa zai ƙi? Ta ja ta ja, daga baya ta ce to. Ta ma zaɓi ranar da babban likita ya tafi taro wani gari, don kar ya yi ta leƙowa.

"Sista, mu ɗauki hoto," in ji ta. Muryar ta fito daidai, har ta ba ta mamaki.

Da hoton ya bayyana a kan kwamfuta, ba sai an nuna mata ba. Ga shi nan fari fat, ɗan siriri, ya wuce lanƙwasar saiwar ya kwanta ya toshe hanya. A ƙasa da shi, can ƙarshen saiwar, ga baƙar inuwar mugunya, wurin da take ƙoƙarin kaiwa tun safe. Muddin guntun na nan, magani ba zai isa can ba. Muddin magani bai isa ba, haƙorin zai sake kumbura, kuma ta san abin da ke biyo bayan hakan.

Ta ce wa Baba tana zuwa. Ta cire safar hannu, ta shige ɗakin da ake dafa kayan aiki, ta jingina da bango kusa da tukunyar da ke huci, ta kira babban likita.

"Ranka ya daɗe, tsinke ya karye mini."

"Subhanallahi. A bakin wa?"

"A bakin Baba."

"Haba, Likita," in ji shi. "Haba." Ta ji ya ture kujera ya fita daga cikin hayaniya. "To, ya riga ya faru. A ina ya tsaya?"

"Ya wuce lanƙwasa."

"Saurara da kyau. Ki gwada ratsawa ta gefensa da ƙaramin tsinke na hannu, a hankali. In kin wuce, ki wanke ƙasan ki bar guntun inda yake, ba ya cizo. In ba ki wuce ba, ki sa magani ki rufe, ki kai shi wajen mai madubi. Amma kar ki haƙa. Kin ji ni? Kar ki sa masa na'ura mai karkarwa da wannan ɗan tabaran naki. Bangon saiwar nan ta ciki bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Sannan ki gaya masa yanzu, kafin ki sake taɓa komai."

"To, ranka ya daɗe."

"Wannan to ɗin taki ban yarda da ita ba."

"Na ji, wallahi."

A hanyar komawa ta ci karo da Yaya, ɗan farin gidansu, wanda ya kawo Baba da mota. Yana zaune a kan bencin masu jira, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shi ne ya fi kowa dagewa a je babban asibiti, har suka yi sa-in-sa da Baba suka kwana biyu ba sa gaisawa da kyau.

"Auta, an kusa? Na bar shago a hannun mutane."

"An kusa, Yaya."

Ta shige da sauri kafin ya kalli fuskarta.

Ta sa sabuwar safa, ta saukar da tabarau mai ƙara girma, ta ɗauki tsinken hannu mafi siranta a cikin akwatin, wanda bai fi silin gashi ba. Ta ɗan lanƙwasa kansa, ta ɗiga ruwan magani, ta zura. Da yatsu biyu ake wannan aikin, ana murzawa kaɗan a dawo kaɗan, ana laluben ɗan sarari tsakanin guntun da bangon saiwa. Ido ba ya ganin komai a can, yatsa ne ke ji. Tsinken ya sauka ya sauka, ya tsaya ƙyam a kan ƙarfe. Ta juya shi ta wani gefen. Ƙarfe. Ta zaro, kan ya murɗe ya lalace, ta jefar ta ɗauki wani. Shi ma haka. Ga bakin Baba da ba ya buɗuwa, yatsunta na gogar haƙoran sama, hannun nan ya karkace har ya fara yi mata tsami.

"Ya Allah," take ta faɗa a ranta, "ka ba ni ko hanyar tururuwa ce."

Faranti ya cika da lalatattun tsinkaye. Hanya ba ta samu ba.

Can sai ta ga haɓar Baba na rawa. Muƙamuƙin ya gaji. Ta zare tokarin, ta sassauta robar ta gefe don ya huta, ta goge masa yawu. Yanzu ne lokacin. Ta buɗe baki za ta ce, Baba, akwai abin da ya faru.

Ya riga ta. Da leɓe a mace, da roba a baki, maganar na fitowa a dagule, amma an ji ta sarai.

"Sista, kin ga hannu ko? Wallahi sauro ya fi ta zafi. Tun tana ƙarama haka take, in ta cire mini ƙaya ba na sanin an cire."

"Allah ya yi albarka, Baba," in ji Sista, tana kallon bango.

Maganar ta koma cikin Auta ta zauna. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, kuma ba na mugunya kaɗai ba. Ba za ta iya kallon idon mutumin nan ta faɗa masa ba. Sai wani tunani ya zo mata, irin wanda ke zuwa wa mutum a daidai lokacin da ya kamata ya tashi ya sha ruwa: in ta fito da guntun, ai babu abin faɗa. Ta wanke, ta cike, ya tafi gida da haƙorinsa da alfaharinsa. Wa zai sani? Kuma ai ta taɓa ganin an yi. Sau biyu ma ta yi da hannunta, a haƙoran gaba, masu miƙaƙƙiyar saiwa.

"Sista, haɗa mini na'ura mai karkarwa. Da siririn baki."

Sista ba ta motsa nan da nan ba. Ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "Likita, me oga ya ce?"

"Na ce ki haɗa."

"Rana ta yi. Baba ya gaji, ke ma kin gaji. A rufe mana, gobe ma rana ce."

"Sista, don Allah."

Sista ta haɗa. Ta kuma leƙa waje ta ba masu jira haƙuri, ta ce wanda zai iya dawowa gobe ya dawo.

Yadda ake yi shi ne, a faɗaɗa hanyar daga sama har a hango kan guntun, sannan a riƙa zagaya shi da bakin na'urar, tana karkarwa tana cin haƙorin da ke riƙe da shi kaɗan-kaɗan, har ya saki ya yi tsalle ya fito. A baki da sauƙi. Sai dai duk abin da na'urar ta ci, daga bangon saiwar ta ci, kuma ba ya dawowa.

Auta ta mayar wa Baba tokari, ta karkato fitila, ta sa ɗan madubin hannu. Da ƙyar ta hango wani ɗan ƙyalli can ƙasa, kamar ƙwayar yashi. Ta taka matakin. Na'urar ta fara kukanta mai shiga kunne. Ta zagaya, ta tsaya, Sista ta fesa ruwa ta zuƙe, ta busar, ta sake dubawa. Ƙyallin na nan inda yake. Ta sake takawa. Ta ce wa kanta wannan ne na ƙarshe. Da ya ƙi, ta ce to na gaba ne na ƙarshe. Wuyanta ya sandare, gumi na gangarowa cikin idonta, Sista na goge mata da auduga ba tare da an roƙe ta ba. Hasken taga ya tashi daga kan kwanon wanke hannu ya koma kan ƙofa. Wayarta ta yi ta ruri a aljihu, ta san babban likita ne, ta ƙyale shi.

"Likita," in ji Sista.

"Ya motsa."

"Likita."

"Wallahi ya motsa, na gani!"

Ya motsa ɗin kuwa. Ɗan rawa ya yi, ya koma ya lafe. Ai kuwa sai zuciya ta ɗebe ta. Guntun ya jingina ne da bangon ciki, wato dai bangon da aka ce kar ta taɓa, kuma ta nan kaɗai bakin na'urar ke samun shiga. Ta san haka, ba wai ba ta sani ba. Ta cije leɓe, ta kwantar da bakin a wurin, ta taka, ta ɗan danna.

Wani abu ya yi ƙyal a cikin ruwan, ya faɗo kan koren tantanin. Sista ta cafe shi da hantsaki ta ɗora a kan auduga. Ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Alhamdulillahi," in ji Auta da ƙarfi, har Baba ya buɗe ido. Dariya na neman ƙwace mata, hawaye ma haka. Ta yi! Ba babban madubi, ba ƙwararre, ba kowa, ita kaɗai. Ji take kamar ta fita ta ɗaga audugar nan a gaban Yaya.

Ta fesa ruwa ta wanke ramin, ta ɗauki tsinken takarda da ake busar da saiwa da shi, ta zura ta zaro.

Ja ne.

Ta ce wa kanta daga ƙarshen saiwa ne, hakan na faruwa. Ta zura wani. Bai ma sauka ƙasa ba ya jiƙe, kuma a gefe ɗaya ya jiƙe, a tsakiya, daidai inda ta kwantar da bakin na'urar. Ta leƙa da madubi. Jini na tsattsafowa a hankali daga bangon, yana cika ramin, ba ya gaggawa. Saiwar da aka riga aka kwashe jijiyarta ba ta da jinin da za ta zubar. Wannan daga waje yake shigowa, daga ƙashi.

Akwai wata 'yar na'ura da ke yin ƙara in tsinke ya fita daga cikin haƙori ya taɓa nama. Ta jona ta, tana addu'ar ta ƙaryata ta. Tsinken na taɓa bangon, na'urar ta saki ƙara ɗaya doguwa.

Ashe Auta ta riga ta huda saiwar. Yanzu akwai ƙofa daga ruɓaɓɓen haƙori kai tsaye zuwa cikin gasasshen ƙashin.

Ɗakin ya yi tsit in ban da robar zuƙe yawu. Auta ta shiga uku, kuma ita ta kai kanta. Abu ɗaya kaɗai ya rage a kanta da ke aiki: irin wannan huda ana iya liƙe ta da wani siminti na musamman, in an yi da wuri, tun ƙwayoyin cuta ba su zauna ba, kuma in mai yin yana ganin abin da yake yi. Ita ba ta da simintin, ba ta da madubin, hannunta ma ya daina jin maganarta. Yau ɗin nan ya kamata Baba ya isa wajen ƙwararren. Ko an liƙe ma, sai abin da Allah ya yi.

Ta danna auduga har jinin ya lafa, ta sa magani, ta rufe da ciko na wucin gadi. Ta cire tantanin, ta ɗago kujerar. Baba ya murza haɓa, ya kurkure baki ya tofar, idonsa ya sauka kan audugar da ke faranti.

"Wannan fa?"

Ta ja kujerarta ta zauna a gabansa, ta sauke takunkumi. "Baba, kan tsinkena ne. Ya karye a cikin haƙorinka tun ɗazu. Ban gaya maka ba."

Ya ɗauki audugar ya kai kusa da ido. "Wannan ɗan abin? A can ciki? Kuma kika fito da shi?" Fuskarsa ta washe, gefe ɗaya na dariya gefe ɗaya a mace. "Kai! Sista, ba ni takarda in naɗe, sai na nuna wa yayanta."

"Baba, tsaya ka ji. Garin fito da shi na huda saiwar. Ta ɓule zuwa ƙashi. In ba a liƙe ta yau ba, haƙorin zai tafi. Ka san kuma abin da likitocinka suka ce."

Ya sani. Ta ga ya sani, don hannunsa ya tafi kan muƙamuƙin da kansa. Ya dube ta. So take ya zage ta. Wallahi da ya ɗaga hannu ya kwaɗa mata mari da ta fi samun sauƙi.

"To," in ji shi. Ya gyara kwanciya a kan kujerar, ya harɗe hannuwa. "Liƙe."

"Ba ni zan yi ba. Babban asibiti za ka, wajen mai madubi. Yanzu."

"Wadda ta fito da wannan ɗan abin ce za ta kasa liƙe rami? Taya nawa na liƙe a bakin hanya? Yi bismilla."

"Baba, ba ni da kayan. Ba na ganin wurin."

"A aika a sayo. In jira."

"Baba, don girman Allah."

"Auta, na faɗa tun farko, ban canja ba. Babu ɗan wanda zai sa mini hannu a baki. In je in ce musu me? 'Yata ta fara ta kasa? Su yi ta yawo da ke a baki?" Ya rufe ido. "Kuma kar ki gaya wa yayanki. Tsakaninmu ne, da ni da ke da Sista."

Ya buɗe bakin iya inda yake buɗuwa, ya jira.

Ta tsaya tana kallon bakin nan. Ta san mahaifinta. Zai kwanta a nan har a rufe asibiti, gobe ya dawo ya sake kwanciya, fuska ta kumbura, ƙashi ya ruɓe, yana nan yana cewa 'yarsa za ta gyara. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Rufa mata asiri yake yi, da muƙamuƙinsa. Muddin akwai asirin da zai rufa, ba zai taka ƙofar wani likita ba.

Ta miƙe. Ta cire safar ta jefa a kwando. Ta je ta buɗe ƙofar ɗakin, ta bar ta a wangale.

Yaya ya tashi tsaye. A kan bencin akwai sauran waɗanda suka ƙi tafiya: wata dattijuwa, da wani mutum riƙe da kunci, da mai karɓar baƙi a bayan teburinta.

"Yaya," in ji ta, kuma ba ta rage murya ba. "Na karya ƙarfe a haƙorin Baba. Oga ya ce kar in haƙa, na haƙa, na huda saiwar har ƙashi. Aikin ya fi ƙarfina tun farko. Na sani, na karɓa don a ce na iya. Ban iya ba."

"Auta!" Muryar Baba ce daga ciki. "Rufe ƙofar nan!"

"Ba zan rufe ba, Baba." Hawaye na zuba, ta bar su. "In na sake taɓa shi, zan ƙarasa shi ne. Yaya, ka kai shi babban asibiti yanzu, in ba haka ba za a yanke masa muƙamuƙi, kuma ni na jawo."

Mai karɓar baƙi ta sunkuyar da kai. Mutumin da ke riƙe da kunci ya dubi dattijuwar, ya tashi sumui-sumui ya nufi ƙofar fita. Yaya ya dubi ƙanwarsa. Duk abin da ya tanada na faɗa, bai faɗa ba.

Aka ji kujerar ta yi ƙara. Baba ya fito yana dafa bango, ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya na nan bai cire ba, Sista ce ta bi shi ta kwance. Ya tsufa a cikin ɗan lokacin nan. Ya dubi bencin, ya dubi bayan mutumin da ke fita. Auta na tsaye a gefen ƙofar, kafaɗarsa ta kusa gogar tata, bai juyo ba.

"Ina ka ajiye motar?" ya ce wa Yaya.

"Tana bakin ƙofa, Baba."

"Mu je."

"Baba," in ji Auta, "in ɗauko jakata in biyo ku?"

Bai tsaya ba. "Kina da aiki," in ji shi.

Ta ji an buɗe mota, an rufe, an tayar. Ta koma ɗakin, ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta nemo lambar ƙwararren. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, wane haƙori, wace saiwa, inda hudar take, da zancen gashin, ta ce suna hanya, ta roƙe shi don Allah kar ya tashi. Ya ce zai jira. Ya tambaye ta wane likita ne ya yi aikin, ta ce ita ce. Ya tambayi wa ke tare da majinyacin, ta ce ɗansa.